Yadda Na Goge Inna Tsahara

Allon ƙarshe da na rubuta kafin sana'ar fenti ta mutu a hannuna na wani mai sayar da kayan babur ne a Sabon Gari. Kwana uku na yi a kansa. Rana ta farko na kankare tsatsar kwanon allon, ta biyu na shafa fari na bar shi ya sha iska, ta uku na ja layi da zare da alli, na zauna na fitar da baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Da na kai masa ya duba ya yaba, sannan ya nuna mini shagon maƙwabcinsa. An rataya wani ƙaton kyallen roba da inji ya buga, wanda muke ce wa bash, har da hoton babur da hoton mai shagon yana washe baki. Tsakanin azahar da la'asar aka yi shi. Mutumin nan ya ce mini ba don sabo ba, da can shi ma ya tafi. Shekarata arba'in da shida a lokacin, ashirin da takwas daga ciki da buroshi a hannu na yi su, kuma ban iya komai ba sai shi.

Na fara da wannan ne saboda ku yaran da kuke zuwa shagona kuna tambayata wace makarantar koyon gina shafin intanet za ku shiga. Kuna zuwa da talla a waya, wata uku ka zama gwani, Turawa su ɗauke ka aiki kana kwance a ɗakin uwarka. A ganinku zama ne cikin sanyi ana danna maɓalli. Ni ba sha'awa ce ta kai ni ba, tsoro ne. Tsoron in zama mutumin da ake nunawa a ce da can mai fenti ne, yana zaune a bakin masallaci ba mai nemansa. A cikin mako guda na ji 'yan kasuwa uku suna tambayar masu buga bash ko sun iya saka shago a intanet. Na ce a raina, ai wannan ma allo ne, bango ne kawai ya koma cikin aljihun mutane.

Da na faɗa wa abokan zamana, dariya suka yi har da buga cinya. Ɗaya ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce masa da busasshen ake rufin ɗaki, ya je ya duba azarar gidansu.

Makaranta ta farko da na leƙa tana kan babban titi, bene ne da gilashi, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Shugabanta ya tarbe ni da kwat, ya kai ni gaban wani bango cike da hotunan samari kowa riƙe da takardar shaida. Na duba na yaba, sannan na ce, Mushe, haka muke kiran malaman boko, ina aikinsu? Bai gane ba. Bari ku ma in fahimtar da ku. Lokacin da ubana ya so ya ba ni ga Malam Nomau mai fenti, bai taka shagon Malam Nomau ba. Gari ya zaga yana neman allunan yaran da Malam Nomau ya yaye, waɗanda suka sha damina uku a waje, yana sa farce yana kankara ya ga ko fentin zai ɓare. Da ya ga bai ɓare ba ya kama hannuna ya kai ni. Haka ake zaɓen maigida a wurinmu, ko a kafinta ko a walda. Shugaban nan ya ce aikin ɗalibai yana cikin kwamfutocinsu, kowa ya tafi da abinsa. Sannan ya dubi faratana da fenti ya rina, ya ce akwai ajin yamma na koyon buga rubutu, shi zai fi dacewa da tsoho irina, yana ce mini papa. Na yi masa godiya na fito. Ni da na taɓa rubuta wa tela "Gwanin Gwanaye" alhali aljihu ma ba ya ɗinka shi daidai, ba a gaya mini abin da talla take.

Ta biyu ta intanet ce, malamai a cikin bidiyo, ana ba ka mako biyu ka gwada. Na gwada. Malamin yana magana kamar ana korarsa, in ka maƙale ka rubuta tambaya ka jira, in rezo, wato layin intanet, ya ɗauke ka zauna kana kallon fuskarsa a daskare. Ban ce ba ta da amfani ba, tana da shi ga wanda ya riga ya san hanya. Ni ina bukatar wanda zai tsaya a kaina ya ce ba haka ba.

Ta uku a unguwar Zariya take, cikin garejin wani gida, benci huɗu da fanka ɗaya, ko allo babu a ƙofa, abin da ya fara ɓata mini rai ke nan. Mai koyarwar mace ce, Malama Ramatu, ba ta fi talatin da 'yan kai ba, ta yi aiki a Yamai ta dawo gida. Ta ce wurinta wata tara ne, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin aiki. Na yi mata tambayar da na yi wa mai kwat. Ta yagi takarda ta rubuta sunayen ɗalibanta uku.

"Na hwarko ya tahi Agadas, sai dai ka kira shi," in ji ta. "Na biyu aikinshi ya mutu, je ka tambaye shi mi yak kashe shi. Na ukku yana Tibiri."

Wanda ya ba ka sunan aikin da ya mutu da bakinsa, ka san ba ya ɓoye-ɓoye. Washegari na hau kabu-kabu zuwa Tibiri. Shafin na wani shagon maganin dabbobi da dusa ne, wani tsohon ɗalibinta ya gina. Muni kam ya yi muni, rubutu rawaya a kan fari, sai ka kanne ido kafin ka karanta. Amma mai shagon ya zaro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ya buɗe shi nan take, ya nuna mini saƙon makiyaya masu neman magani, ya ce shekara biyu ke nan bai taɓa tsayawa ba. Na karɓi wayar na sa farce irin na ubana. Na danna inda bai kamata ba, na rubuta shirme a gurbin lamba, na koma baya na sake shiga. Bai ɓare ba. Da na dawo Zariya na gaya wa Malama Ramatu ɗalibanta ba su san launi ba. Ta yi dariya ta ce in zo in koya musu launi, ita ta koya mini sauran.

Kayan aikina na farko wata tsohuwar kwamfuta ce da aka kawo mini daga Katsina, batirinta ya mutu tun kafin mu haɗu, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ita ma ta bi shi. Maɓallanta jerin Najeriya ne, na makaranta kuma jerin Faransa, in na danna wannan baƙi wancan ya fito. Yara suka ce in sayi wata. Na ɗauko buroshina mafi siriri da farin fenti na sake rubuta baƙaƙen a kan maɓallan yadda nake so, har yau tana nan a shago, ku duba. Da yatsa biyu nake bugawa, ɗan shekara sha tara na gefena ya gama shafi ni ina layi na huɗu. Kalmomin aikin kuma duk Ingilishi ne, ni da Faransancin ma a firamare na bar shi. Na sayi littafi na riƙa rubuta kowace kalma da abin da take yi, kamar yadda nake rubuta haɗin launi a da.

In kuran ya ɗauke ba a tashi. Malama takan sa kowa ya rubuta aikinsa a takarda, ita ta zama kwamfutar. Ta bi layi-layi da yatsa, in ta iske inda ka manta alama ɗaya sai ta ce ta tsaya, ta naɗe hannu, ba za ta gaya maka inda take ba. Ranar Asabar kuwa ranar ɓarna ce, kowa ya ba maƙwabcinsa aikinsa ya yi ƙoƙarin lalata shi. Akwai wani maɓallin aika saƙo da na gina a wata na shida, ya ƙi aiki kwana huɗu. Na roƙe ta ta nuna mini, ta ƙi. A rana ta huɗu na naɗe igiyar kwamfutata na ce na bari, na kai ƙofa, sai na tuna benci na bakin masallaci yana jirana. Na dawo na zauna, kafin la'asar na gano shi. Inda na fi su kuwa ido ne. Na san nisan da ya kamata tsakanin baƙi da baƙi, na san launin da rana ke cinyewa. Nakan fitar da su tsakar rana da wayoyinsu in ce su karanta abin da suka yi, su ga ba ya karantuwa.

Doka ɗaya take maimaita mana har muka gaji da ji. Kafin ka taɓa kwamfuta, ka je ka yini wurin mutanen da za ka yi wa aiki, ka rufe bakinka, ka ga yadda suke yi babu kai.

Aikin farko da na samu bayan ta yaye ni na wani Alhaji ne mai fataucin wake da gero zuwa Kano. Ya ce lallai hotonsa ya cika saman shafin, da babbar riga, kuma da an buɗe a ji kiɗa. Na gaya masa hoton ya yi nauyi, inda rezo ba ƙarfi ba zai buɗe ba. Ya ce ni aka ɗauka aiki ko shi. Na yi masa yadda yake so. Bayan mako guda ya kira ni daga bakin iyaka, yana son nuna wa wani abokin ciniki farashi, hoton ya buɗe iya hularsa ya tsaya. Ya ce in cire hoton yanzu-yanzu, kuma kada in gaya wa kowa. Daga nan aiki ya fara zuwa, makarantar ɗinki, mai gidan burodi, masu haya da motoci. Shekara biyu na yi ina jin kaina, har na fara gyara wa yara zama in sun zo tambaya.

Sai aikin Jiratawa, wanda shi ne dalilin wannan dogon zance. Wata ƙungiyar manoman rani ce a can fadamar Gulbi, maza da mata, masu albasa da alkama da zogale. Wani porje, wato shirin tallafa wa manoma, zai kawo musu iri mai kyau da takin zamani, amma ya ce sai da jerin sunayen 'yan ƙungiya a kwamfuta, wanda ba ya ciki ba zai samu ba. Shugabansu, Malam Garba, shi ya zo shagona. Aiki ne mai sauƙi, shafi guda da sakataren ƙungiya zai buɗe a waya ya shigar da suna da unguwa da lambar waya da girman fili. Ban je na yini ba. Na ce ni ɗan ƙasar nan ne, Jiratawa nan ce kusa, na ci zogalensu tun ina yaro, me za su nuna mini.

Kowane jeri yana bukatar abu ɗaya da zai raba mutum da mutum, don sunaye suna maimaituwa, Hadiza Abdu ma sai ka samu biyar a layi ɗaya. Na ɗauki abin da aka saba ɗauka a darasi, lambar waya. Na gina shi a kan cewa lamba ɗaya mutum ɗaya ne, in aka sake shigar da lambar da ke ciki, to mai ita ne ya dawo gyara bayaninsa, sai a share tsohon a rubuta sabon. Na gwada da lambobi goma ya yi daidai, na miƙa. Abin da ban tsaya na tuna ba, maza kusan kowa da wayarsa, mata kuwa sai ka ga shida suna amfani da ta mutum ɗaya. A gidana ma lambar matata ita ce lambar maƙwabta uku, ina ji ana sallama ana cewa a ba wance waya, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na manta garin da nake. Mata suka yi layi bayan kaka, kowace ta faɗi sunanta ta ba da lambar maƙwabciya, sakatare ya danna, shafin ya ce an rubuta, ta tafi gida da murna. Ba ta san ta goge wadda ta gabace ta ba, kuma ta bayanta za ta goge ta.

Ranar rabon iri aka kira ni, aka ce in zo maza. Na iske mata zaune a inuwa da buhunansu wayam, an gama kiran suna ba a kira su ba, mutanen porje sun raba abin da suka kawo daidai da jeri sun kama hanya. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Inna Tsahara, mai noman albasa, ita ce mai wayar da mata biyar na layinsu suke ara. Da yake wayarta ce, ita ta fara rubuta suna, don haka ita aka fara gogewa. Ban fi minti goma ina duba aikin ba na ga abin da na yi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake sana'a.

Malam Garba ya ja ni bayan ɗakin ajiya. Shi ba mugun mutum ba ne, so yake ƙura ta kwanta.

"Malam Illa, ka ce rezo na," ya ce mini. "Kowa ya san halin rezo. Ba wanda za shi kai rezo ƙara."

Gaskiyarsa, da na faɗi haka da an yi tsaki an watse, ni ma in koma shagona da sunana. Amma in rezo ne ba abin da za a gyara, baɗi a sake buɗe shafin nan ya sake cinye su. Kuma ni tun ina fenti, a ƙasan kowane allo nakan sa sunana ƙarami, mai kyau da marar kyau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na fito na tsaya gaban matan nan, Malam Garba yana jan rigata.

"Ba rezo ba na," na ce. "Ba sakatare ba na. Ni na. Ni nag gina abin ga, kuma ban tambaye ku yadda kuke da waya ba."

Na yi musu bayani dalla-dalla yadda kowace ta goge 'yar'uwarta da hannuna. Ba wadda ta zage ni, da ma sun zaga da ya fi mini sauƙi. Suka naɗe buhunansu suka tashi. A ranar Malam Garba ya sa aka canza kalmar sirrin shiga shafin, ya ce ƙungiya ta sallame ni, za su nemi yaro daga Yamai.

Na tafi Zariya kai tsaye. Malama Ramatu ba ta lallashe ni ba, ba ta kuma ce ai na gaya maka ba. Ta jawo benci muka buɗe kwafin aikin da ke kwamfutata, ordinatar a bakin mutanenmu, muka ba kowane mutum lambarsa ta kansa wadda ba ruwanta da waya. Layukan da muka canza ba su kai goma ba, kafin la'asar mun gama. Sannan ta ce, "Baba Illa, wanga shi na mai sauƙin. Sunayen da sunka ɓace ba su cikin ordinatar, suna Jiratawa."

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari ya riga ni isa Sabon Gari, aka laƙaba mini Illa mai goge mata. In na wuce wurin masu shayi sai wani ya ce a ɓoye tsofaffi ga shi nan. Mai makarantar ɗinki ta karɓe aikinta, mai gidan burodi ya daina ɗaga wayata. Yaran da suka fito daga makarantar mai kwat suka riƙa cewa ga abin da ake gudu, an ba tsoho kwamfuta, karen bana shi ke maganin zomon bana. Na koma rubuta lamba a jikin amalanke da kurar ruwa don a ɗora tukunya. Abokan zamana suka matsa mini wuri a benci suka ce in zauna, an gwada an gani. Ban zauna ba. Duk ranar Juma'a bayan an sauko sai in hau kabu-kabu in je ƙofar Malam Garba in ce ya bar ni in maido sunayen. Ya ce a'a, na koma. Ya sa a ce ba ya nan, na zauna a dakali har ya fito. Yaron Yamai bai zo ba, kuma porje ya aiko cewa yana son jerin baɗi. Sai da hadari ya fara haɗuwa a gabas sannan ya gaji da ganina, ya ba ni sabuwar kalmar sirrin na ɗora gyaran da muka yi, ya ce in je in yi, amma kada in ce ƙungiya ce ta aiko ni.

Kwana tara na yi ina bin gidajen Jiratawa da littafi da waya. In yi sallama a zaure, in faɗi ko ni wane ne, in jira. Wata ta aiko a ce ba ta nan ina jin muryarta. Wata ta fito ta faɗi sunanta ta juya ba ko sannu. A kowane gida ina tambayar wa da wa ke amfani da wayar nan, daga nan in san ƙofar da zan buga gaba. A wannan kwana tara na koyi abin da yini ɗaya zai koya mini tun farko: akwai mai fili biyu da sunan 'ya'yanta, akwai wadda kowa ya sani da laƙabi ba mai sanin sunan yanka, akwai wadda lambarta ta canza sau uku don layin na ɗanta ne.

Gidan Inna Tsahara na bari ƙarshe, kuma ba zan ɓoye muku ba, tsoronta nake ji. Na iske ta a ƙofar gida tana gyaran irin gero, an yi ruwan farko daren jiya ƙasa ta yi laushi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba. An riga an gaya mini a ranin nan rabin filinta kawai ta shuka, da ragowar tsohon iri, albasar ma ba ta yi kai ba.

"Kai na mai ordinatar da yag goge mu?"

"Ni na, Inna."

"Ka goge ni da rani, ka taho maido ni da damana. Mi za ni yi da suna da damana?"

Na ce abin da ya wuce ba ni da ikon maido shi, na baɗi nake nema mata. Ta daɗe tana tsince tsakuwa daga cikin geron. Sannan ta aika aka kira matan nan biyar masu aron wayarta, suka zo suka tsaya a kaina. Ta faɗi sunanta da na ubanta, na shigar. Ta sa kowace ta faɗi nata, na shigar, duka da lambar nan guda. Ba ta iya karatu ba, don haka ta ce in karanta mata abin da ke ciki da ƙarfi. Na karanta suna shida. Ta ce in kashe wayar in kunna in sake. Na kashe na kunna na sake karantawa, suna shida, nata a farko.

"To," in ji ta. "Baɗi in ka sake, ba wurin Garba za ni ba. Gidanka za ni taho. Ina yake?"

Na kwatanta mata sosai don kada ta sha wahalar nema. Sabon Gari, bayan masu walda, lungu na biyu hannun dama, ƙofa shuɗiya, in ta ɓata ta ce a kai ta gidan Illa mai goge mata, ko yaro ya sani. Ta sa ɗaya daga cikin matan ta maimaita kwatancen har ta riƙe.

Rani huɗu ke nan ana raba iri a Jiratawa da jerin nan, ni ke kula da shi, kuma Inna Tsahara ba ta zo gidana ba.